Da Kuɗina Na Sayi Kwamfutar, da Kuɗina Nake Sayen Data

Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma akasarin masu kawo mini aiki ɗalibai ne da ke neman a buga musu kundin bincike kafin ranar miƙawa. Wata Laraba aka kawo wuta bayan mun yi kusan kwana biyu ba mu gan ta ba, na kunna kwamfuta domin in ƙarasa wa wata ɗaliba babi na huɗu da na biyar, sai rubutu ya cika fuskar na'urar cewa ana sabunta manhaja, kada in kashe. Na zauna ina kallon lamba tana rarrafe daga kashi 7 zuwa kashi 30 cikin 100, yarinyar tana tsaye a kaina tana cewa, "Malam, ƙarfe biyu fa za a rufe karɓa." Kafin abin ya kammala aka sake ɗauke wutar, batirin kuwa ya daɗe da gajiya, don haka kwamfutar ta mutu a tsakiyar aikin, ta kuma ƙi tashi sai da na kai ta wurin mai gyara na biya kuɗi. Da na duba wayata, wadda da ita nake haɗa kwamfutar da intanet, sai na tarar datar da na saya domin aikin mako guda ta ƙare a dare ɗaya, ba tare da an nemi izinina ba.

Kada a ɗauka ina ƙin sabuntawar ne. Na san abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar nan ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka rasa yadda za su yi da bayanan marasa lafiya, alhali tun watan Maris na shekarar an fitar da gyaran da zai toshe ƙofar da ta shigo ta ciki. Wanda ya ƙi sabunta kwamfutarsa ya bar gidansa a buɗe, wannan ba na musu a kansa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka tsara wannan abu sun yi shi ne domin mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, wanda kuma intanet ɗinsa ba ya ƙarewa. Shi yana iya barin kwamfuta a kunne ya je ya kwanta, gari ya waye ta gama komai. Mu nan awannin da aka ba mu wuta su ne awannin neman abincinmu, idan kuma aka ɗauke sai janareta, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowane minti na janareta da lissafinsa. Data ma haka take, domin a watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince a ƙara farashin sadarwa da kashi 50 cikin 100. Yaya za a yi na'ura ta zuƙe gigabait biyu ko uku daga aljihun talaka, sannan a ce taimakonsa aka yi?

An ce akwai hanyoyin sarrafa abin, kuma gaskiya akwai, sai dai kowace da iyakarta. A Windows 10 da 11, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mutum yana iya dakatar da sabuntawa har kwana 35, amma da wa'adin ya cika dole ya karɓa kafin a bar shi ya sake dakatarwa. Yana iya ware lokacin aikinsa domin kada na'urar ta kashe kanta ta sake tashi, amma awa 18 ne iyaka, kuma wannan tsari bai san cewa wutarmu ba ta da agogo ba. Yana iya shaida wa kwamfutar cewa intanet ɗinsa na awo ne domin ta rage sauke abubuwa da kanta, wannan ita ce ta fi amfani a wurinmu, amma an ɓoye ta can cikin saituna da Turanci, inda mafi yawan masu sana'a irin tawa ba su taɓa leƙawa ba. Mai nau'in Windows Pro, na 'yan kasuwa da ofisoshi, yana da damar ya saita a sanar da shi kafin a sauke komai, mai nau'in Home, na amfanin gida, kuwa ba a ba shi wannan maɓalli ba, alhali shi ne ya fi buƙatarsa.

Ban nemi wani abu mai wuya ba. A faɗa mini girman abin da za a sauke da tsawon lokacin da zai ɗauka, a tambaye ni yaushe, kuma idan na ce sai daren Juma'a a jira daren Juma'ar. Yanzu dai duk ranar Talata ta biyu a wata, wadda ita ce ranar da ake sakin gyare-gyaren tsaro, nakan ware kuɗin data da litar fetur biyu domin kwamfutar kaɗai, in rufe shago bayan isha'i in zauna gadinta har ta gama. Ɗalibar nan kuwa ba ta sake kawo mini aiki ba, kuma ban ga laifinta ba.