Kafintan da ke yawo a keke yana tsintar katako

Shekaranjiya da hantsi ana rushe wani tsohon gida a bayan layinmu nan Kano, za a gina shaguna a wurin. Sai ga wani dattijon kafinta da duk unguwa ke kira Baba, ya jingine kekensa Phoenix a jikin katanga, ya yi sallama, ya roƙi ɗan kwangilar ya bar masa ƙyamaren da aka ɓalle da katakon rufi. Mai aikin bai kai ga amsawa ba wani matashi cikin 'yan kallo ya yi caraf ya ce, "A sa masa ido fa, 'yan jari bola ne." Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake riƙe da zarto." Ɗan kwangilar ya yi dariya ya ce, "Kwashe Baba, da ma masu tuyar waina za mu ba su hura wuta."

Maganar yaron ta ɓata min rai, amma ta ɗan kwangilar ta fi tsaya min a wuya. Hura wuta fa!

Da la'asar na bi Baba rumfarsa. Na tarar ya kwantar da ƙyaure ɗaya yana zare ƙusoshi da bayan guduma. Kowace ta fito sai ya miƙar da ita a kan wani guntun ƙarfe ya jefa cikin gwangwanin madara. Da ya gama sai ya ɗauko mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar sifika yana bin katakon da shi, don ƙusar da kanta ya karye ta ɓuya a ciki ita ke kashe bakin kayan aiki. Sannan ya ɗan fere gefe. Ƙarƙashin tsohon fenti da ƙurar shekaru sai ga ja ya bayyana, jawur. Ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce, "Malam, maɗaci ne. Je ka 'Yan Katako ka nemo min irinsa busasshe haka."

Gaskiya ya faɗa. Yawancin katakon da ake saukewa a Na'ibawa daga dazukan kudu yake zuwa a tirela, kuma sau da yawa ɗanye ake yanko shi. Ka yi ƙofa da shi da damina, hunturu na shigowa ta karkace ta daina rufuwa. Wanda ya shekara arba'in a jikin gini kuwa ya gama duk motsin da zai yi, gara ta gwada shi ta haƙura. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga kuma wannan allon garin katako da ake kira MDF, wanda ya cika kayan ɗakin amare yanzu: kyau kamar ka lasa, amma ruwan mopa ya taɓa ƙasansa sau uku sai ya kumbura kamar burodi.

Itacen kirki kuma ba ƙaruwa yake ba. Ku tuna abin da ya sami madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira Madrid. Shekaru kaɗan aka yi ana saranta a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa China, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da namun dajin da ke neman ƙarewa, ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Mun sayar da na daji, na jikin gini kuma muna turawa murhu. Haka azarar giginya da ake cirowa daga gidajen ƙasa na cikin birni, wadda kakanninmu suka zaɓa don gara ba ta cin ta da sauƙi, ita ma makamashi take komawa.

Batun keken, wasu na ganin talauci ne kawai. Ni lissafi na gani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk katakon da ka samu kyauta ka ɗora a A Daidaita Sahu, kuɗin mota ya cinye ribar. Baba da robar tsohon tif yake ɗaure gajeru a kariya, dogayen ya jera su a tsayin keken ya tura da ƙafa. Keke yana shiga lungun da mota ba ta shiga, kuma mai tafiya a hankali shi yake ganin abin da aka yar a gefen hanya.

Kayan aikinsa ma rabinsu tsintuwa ne, ko kuma sayen kilo a wurin 'yan gwangwan. Ya nuna min abin fere katako ƙirar Stanley, an rubuta Ingila a jikinsa, wanda ya ceto daga tulin ƙarafan da za a kai narkarwa. Ya jiƙa shi a kananzir, ya goge tsatsar da samfefa, ya wasa bakin a dutse, ga shi yana fitar da ɓawon katako siriri kamar takarda. Tsohon zarto idan ya dakushe magagari ne maganinsa. Na yanzu masu baƙin haƙori an ƙona bakinsu ya yi taurin da magagari ba ya kamawa, ya dakushe ke nan sai bola. Har abu ya koya min da ban sani ba: katakon da kamfanoni ke jibga kaya a kai yana ɗauke da tambari, HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuma hayaƙin maganin ƙwari aka yi masa, don haka ba ya yi wa mai nama ko mai shayi tebur da shi.

Ban ce tsoron da mutane ke yi na banza ba ne. Ana sata, ana ɓalle mitar wuta da murfin kwalbati, wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari. Borno ta hana jari bola a 2023, Abuja ma a Janairun 2025 ta hana, har aka rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Amma kuɗin goro zalunci ne. Ɓarawo ba ya zuwa da hantsi ya yi sallama ya nemi izini a gaban jama'a. Kuma wanda ya taɓa shiga Panteka ta Kaduna ya san iyalai nawa ke ci daga mayar da abin da aka zubar ya zama abin amfani.

Roƙona ga masu gini da 'yan kwangila shi ne, kafin ku kira mai kura ko ku cinna ashana, ku aika yaro ya kira kafintan unguwa. Ku sayar masa da rahusa in ba za ku iya kyauta ba. Katakon da aka tare zubin kankare da shi siminti ya ɓata ma benci ne a hannunsa, guntayen kuma kujera 'yar tsugunno ko akurkin kaji.

Ƙyamaren nan uku ne Baba ya samu. Biyu ya ce benci zai yi wa makarantar Islamiyyar da jikokinsa ke zuwa. Na ukun, na maɗacin, na roƙe shi ya yi min teburin karatu da shi, na ba da kafin alƙalami. Ya ce in dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma kada in kuskura in ce ya shafa masa fenti.