Cusa mai cikin filasma ba zuba mai a tanki ba ne

Wai ciyar da tokamak da dumama shi abu ne mai sauƙi, in ji wani labari. Tokamak na'ura ce da ke tsare filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi, da maganadisu don haɗe ƙwayoyin zarra a samu makamashi. Anya kuwa? Maganadisun da ke tsare filasma shi ne ke karkatar da duk ƙwayar da ke ɗauke da caji, sai an hanzarta ta an cire mata cajin kafin ta kutsa. A ITER, babban tokamak ɗin da ake ginawa a Faransa, kowace na'urar harba waɗannan ƙwayoyi don dumama filasma za ta ba da megawat 16.5. Man kuwa daskararren diyuteriyam ne, wato haidurojin mai nauyi, ɗan mitsitsi, a harba shi kamar harsashi cikin zafin digiri miliyan 150, ya fara zama tururi tun daga bakin filasmar. Kai mai cewa abu ne mai sauƙi, nawa ne ke isa tsakiya?