Horon natsuwa ta waya: a tsaya tukuna kafin a tura wa yara

Kwanan nan iyaye a Zariya suna ta tura wa juna wani horo ta intanet da ake cewa yana kare matasa daga fargaba da ciwon damuwa. Yaro zai sa abin sauraro a kunne, wata murya ta ce ya zauna ya bi numfashinsa, in tunani ya zo ya bar shi ya wuce. Asalinsa shirin da wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya fara ne a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, domin manya masu fama da ciwo.

Ban raina shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, mu kuwa a Najeriya, likitocin wannan fanni ɗaruruwa kaɗan ne ga mutum sama da miliyan 200. Yarinya a Tudun Wada ta faɗi JAMB, ta daina cin abinci, ta kulle kanta a ɗaki, sai a ce iskanci ne ko iska ce. Kafin a tuna da asibitin koyarwa na Shika, wata nawa sun wuce?

Amma ga abin da masu tallar ba sa faɗa. A Birtaniya an gwada irin wannan horo kan ɗalibai sama da 8,000 a binciken MYRIAD, sakamakon ya fito a 2022: bai fi darasin da aka saba ba wajen kare yara daga damuwa, yawancin yaran ba su riƙa yin atisayen a gida ba, har an ga alamun bai dace da waɗanda damuwa ta fara kamawa ba. A aji aka yi wannan fa, malami na tsaye! Ina ga yaron da ke riƙe da waya shi kaɗai, TikTok na kiransa, data ta kusa ƙarewa, wuta babu?

Sannan wa ya fi shiga haɗari a garin nan? Mai talla a Sabon Gari, maraya, yaron da ya fara shan tiramol. Da yawansu wayar ma ba su da ita.

In za a yi, a yi shi cikin rukuni, malamar makaranta ko yayan yaron na zaune, ana tambayarsa ya yake ji. Wanda kuma ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a ajiye waya, a kai shi wurin likita a ranar.