Titin da aka soke mini da jan biro a Jenoba

Shekarata tara a Italiya, ina aiki a wata masana'antar ƙarfe a bayan garin Biresha, amma sai a hutun Agustan da ya wuce na taɓa sa ƙafa a Jenoba. Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Principe da hantsi, na nufi wani ɗan masauki da na kama ta waya. Mai gidan dattijuwa ce sa'ar mahaifiyata, mai fara'a. Ta shimfiɗa taswirar gari a kan tebur, ta ɗauki jan biro, ta fara nuna mini inda zan bi.

Ta san garinta, wannan ba zan hana ta ba. Ta ce kada in ɓata kuɗi a tasi, domin gari ne da ya matse tsakanin dutse da teku, ƙafa ce motarsa. Ta ce akwai lif na jama'a da ake hawa kamar motar haya, in hau wanda ke kaiwa Castelletto, daga can zan hango rufin gidaje da tashar ruwa da hasumiyar fitilar da suke kira Lanterna, wadda ke tsaye tun 1543. Ta zagaye Via Garibaldi, layin fadojin tsoffin attajirai da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006. Ta ce in je rumfunan Sottoripa in ci farinata, wata shimfiɗaɗɗiyar waina ta garin wake mai kama da gujiya, da man zaitun da gishiri kawai, ana gasa ta a faffaɗan faranti na tagulla. Da ta ji ni Musulmi ne, ta rubuta mini kalmar strutto a gefen takarda, ta ce kitsen alade ne, in riƙa tambaya kafin in sayi burodinsu na focaccia, don wasu masu gashi suna sawa. Har cikin raina na gode mata.

Sai biron ya zo kan wani siririn titi daf da tashar da na sauka. Ta ja masa layi biyu ta gicciye shi.

"Nan kam kada ka bi, Via Prè. Baƙi sun cika shi, 'yan Afirka da Larabawa."

Ta ɗago kai, idonta ya sauka a fuskata, ta yi shiru. Can ta dafa mini hannu ta ce, "Ba irinka nake nufi ba."

Da a ce zagina ta yi, da tuni na manta. Ni wane iri ne? Don na zo da jaka mai taya da katin banki shi ya fitar da ni daga cikinsu? Na ajiye kaya, na yi alwala, na rama sallah, kuma titin da na fara nema shi ne wanda aka soke.

Lungunan tsohon garin Jenoba caruggi suke kiransu. Gidaje ne masu hawa shida, bakwai, sun kusa haɗa goshi ta sama, har rana ba ta taɓa ƙasa sai da tsakar rana, ita ma na ɗan lokaci. A wasu wuraren in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. An shanya tufafi a igiyoyi daga taga zuwa taga, ƙasa kuwa dutse ne da ƙafafu suka goge. Via Prè ɗaya ne daga cikinsu. Na ga mahautan halal 'yan Maroko, shagunan 'yan Bangaladesh da doya da ayaba da kuɓewa a bakin ƙofa, telolin Senegal na taka keke, wuraren aika kuɗi gida, da masu aski. Akwai wari a wasu kusurwoyi, akwai samarin da tsayuwarsu ba ta yi mini ba, kuma ban ce a bi wurin da tsakar dare ana latsa waya ba. Amma galibin waɗanda na gani masu neman halaliyarsu ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ginin da ke bakin titin, Commenda di San Giovanni di Prè, wanda aka gina a 1180 don ya zama masaukin matafiya masu jiran jirgin ruwa zuwa Ƙudus. Tun 2022 a cikinsa aka sa gidan tarihin ƙaurar Italiyawa. Na shiga na ga hotunan kakanninsu riƙe da ƙunshin kaya, suna layin hawa jirgi zuwa Ajantina da Birazil da Amurka don yunwa ta koro su. Daga tashar ruwan garin nan mahaifin marigayi Fafaroma Francis ya tashi zuwa Ajantina a 1929. Masu kallon ƙwallo sun san Boca Juniors. Unguwar da ta haifi ƙungiyar a Ajantina 'yan Jenoba ne suka cika ta, har yau kuma laƙabin magoya bayanta ma'anarsa "mutanen Jenoba". Wato taku kaɗan ne tsakanin inda suke tuna nasu 'yan ci-ranin da inda suke gicciye namu.

Na san abin da wani zai ce: mu ma fa muna da Sabon Gari, muna kuma ce wa baƙo kada ya shiga can da dare. Haka ne, ban musa ba, kuma akwai abubuwan da suka faru a garuruwanmu da ba na alfahari da su. Dattijuwar ma ba mugunta ta nufa ba, tsoro take ji mini. Sai dai duk da haka ba ɗaya ba ne. Mu ba ma miƙa wa baƙo takarda mu sallame shi. A gidanmu a Fagge, in baƙo ya ce zai shiga Kurmi ko Kantin Kwari, mahaifina ƙwala mini kira yake yi, "Kai, zo ka kai Malam." In riƙe masa jaka, in tsaya a bayansa yana ciniki, in dawo da shi har zaure. Unguwar da ake tsoro ma, in dole sai ya je, da ɗan gari zai je. A nan kuwa kowace shawara daidai take, lokacin jirgi daidai, farashi daidai, amma kai kaɗai za ka bi ta. Shekara tara, ban taɓa ganin wanda ya ajiye aikinsa ya taka da ni ko zuwa bakin titi ba.

Ina cikin wannan tunani a ƙofar wani shagon waya sai na ji murya a bayana tana cewa, "Wallahi na turo, ki duba wajen yaron." Na juya kamar an tsikare ni. Wani magidanci ne da 'yar hularsa, yana magana da gida. Na jira ya gama, na yi masa sallama. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ikon Allah! Malam, daga ina?"

Mutumin Damagaram ne, ya biyo ta Agadas da Libiya, yanzu yana wankin kwanuka a wani gidan abinci kusa da tsohuwar tashar ruwa. Bai tambaye ni sana'ata ba. Ya ja ni wajen wata 'yar Senegal muka ci shinkafa da kifi a kwano ɗaya, ya rantse ba zan biya ba. Ya kai ni wani ɗaki a ƙasan bene inda suke jam'i, muka yi la'asar. Daga nan ya tsallaka da ni bakin ruwa ya nuna mini inda manyan jiragen Tunis da Tanja suke lodi, motoci sun yi layi an ɗaure musu kaya a rufi har sun lanƙwasa. Ya ce duk ranar da gida ya taso masa, nan yake zuwa ya tsaya ya kalli masu komawa.

Da na ce zan koma masauki, na nuna masa taswirar na ce na gane hanya. Bai ko dube ta ba.

"Haba Malam, a bar baƙo ya tafi shi kaɗai? Mu je in taka maka."

Saura minti ashirin ya shiga aiki, amma sai da ya kai ni har ƙofa.

Ɗana shekararsa bakwai, a Biresha aka haife shi. In baƙo zai tafi, daga kan kujera yake ɗaga masa hannu, kamar yadda ya ga 'yan ajinsu na yi. Ranar da na dawo daga Jenoba wani abokin aikina ɗan Gana ya zo gaishe mu, da ya miƙe na ce wa yaron ya sa takalmi ya raka Kawu. Ya tambaye ni da Italiyanci ko Kawu bai san hanya ba ne. Na ce ya sani, sa takalminka.