Mai fiyano ba ɗan amshi ba ne

Mutane da yawa in sun ga makaɗa uku a dandali, mai biyolin (ƙaramin gogen Turawa) da mai celo (babban goge mai kaurin murya) a gaba, mai fiyano a baya, wato salon da ake kira "piano trio", sai su ɗauka masu gogen nan biyu su ne manya, fiyano kuma rakiya kawai yake yi. Ba haka abin yake ba. A zamanin Haydn ma, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, a ƙarni na 18, fiyano ne ke ɗauke da kiɗan. Aikin celo galibi shi ne ya bi sautin hannun hagun mai fiyano ya ƙara masa kauri, domin fiyanon wancan lokacin muryarsa ba ta da ƙarfi. Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, wanda kaɗe-kaɗensa na farko na wannan salo suka fito a 1795 a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya taimaka wajen ba kowane kayan kiɗa bakin magana, har aka koma hira tsakanin uku. Babu madugu mai sanda da ke jagorantar makaɗan kuwa. Da ido da numfashi suke daidaita juna. A ƙungiyar Beaux Arts Trio ta Amurka, an sha canja masu biyolin da celo, amma Menahem Pressler ya riƙe fiyano daga 1955 har zuwa 2008.