Vespa mai lamba 75

Vespar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ta girme ni. A zamanin Shagari ya saye ta, shuɗiya, ƙirar PX, irin mai giya a hannun hagu da safaya taya a kwiɓi. Da aka zo rabon gado na ce a yi mata kuɗi a sa a kasona. Yadda yayyena suka yi saurin cewa "mun yarda" har yau bai daina yi mini ciwo ba.

Muna zaune lafiya da ita. Na san halinta, ta san nawa. In na zuba fetur sai na auna mata baƙin mai da 'yar kwalbar da Baba ya bari, kashi 2 cikin 100 kamar yadda ya koya mini, ta tashi tana hayaƙi tana ƙara kamar injin markaɗe. Duk ƙauyenmu, daga jin wannan ƙarar an san Malam ya taso makaranta.

Ɗan yayana ne ya ja mini. Ya zo hutu daga Kano, muna zaune a gindin darbejiya, ya miƙo mini waya.

"Baffa, ga jikar babur ɗinka."

Na karɓa. Vespa ce, ruwan ɗorawa mai sheƙi kamar an wanke zinare, an rubuta 75 a kwiɓinta, ga wata jaka zagayayyiya a baya. Ya ce kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fitar da ita a 2021, don murnar cikar Vespa shekara 75, tunda a 1946 aka fara ƙera ta. Ba kullum ake yin irinta ba, ta bikin ce kawai, in ta ƙare ta ƙare. Jakar nan kuma wai tuni ce da safaya tayar da tsofaffin suke ɗauka. Giya ma babu, murɗawa kawai ake yi. Har ya ƙara mini da cewa Vespa a harshensu zanzaro ke nan, saboda siririn ƙugu da ƙugi. Na dubi tawa da ke jingine da katanga, na ga lallai akwai kama.

Na tambayi kuɗinta. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, bar maganar."

Daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba. Na yi lissafi irin na malamin makaranta: su sabuwa suka ɗauka suka yi mata shigar tsohuwa, ni kuwa tsohuwar ce da kanta a hannuna. Me ya rage? Fenti da lamba da jaka.

Ranar Juma'a na kai ta Wudil. Na nuna wa wani mai fenti hoton, ya ɗan kalla ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne." Da ma mutum ya ji tsoron mai sana'ar da ya ce masa haka. Na wuce wajen baduku na ba da ɗinkin jaka, jar fata, zagayayyiya, na ce ya yi mata 'yan tuntaye don ta fi ta Turawa. Bayan kwana 4 na koma. Bawan Allah ya cire kujera ya feshe komai, har ƙarƙashinta, har murfin tanki, bai bar ko kusurwa ba. Sai dai sheƙin zinaren bai samu ba. Ɗorawa ce tsagwaronta. Don kada ƙura ta taɓa sabon fenti, a bayan a-kori-kura na ɗoro ta zuwa gida, ina riƙe da ita kamar amarya.

Uwargida ta fito ta zagaya ta sau ɗaya.

"Malam, ɗan sahu ka koma?"

Sai a lokacin na lura. Launin A Daidaita Sahu ne sak, har da lamba a gefe.

Na ce mata ba ta san kan duniya ba. Na ajiye fitar farko sai ranar sunan ɗan ƙanenta a wani ƙauye ta wajen Gaya, inda duk surukaina za su hallara. Ita ta tafi tun jajibere. Ni kuwa na sha babbar riga da asuba, na kafa hula, na buga kik ɗaya ta tashi.

Ban fita daga gari ba wata tsohuwa ta ɗaga mini hannu. Na tsaya a zatona gaisuwa ce. Ta dubi lambar ta ce, "Ɗan nan, saba'in da biyar ɗin har Wudil ne? Allah ya yi maka albarka, ka fi su tausayi." Tana ƙoƙarin ɗora ƙullin kuka a kan jakata.

Da ƙyar na rabu da ita. Na yi tafiyar da ba ta fi kilomita 3 ba, Vespa ta yi tari biyu ta mutu. Na sauka, na ɗaga kujera, na buɗe tanki. Mai fal. Na rufe, na buga, ta tashi kamar ba ita ba. Can gaba kaɗan ta sake. Na kwance fulogi na goge da gefen babbar riga, na leƙa tanki, na buga, ta tashi. A karo na uku na hura fulogin har da tofi. A na huɗu na fara lissafa waɗanda suka kalle ta jiya ba su ce tubarkalla ba, na sami mutum 6, har da limamin unguwarmu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk abin da na yi mata sai ta tashi. Da na yi addu'a ta tashi, da na zage ta ma ta tashi. Ban lura cewa kowane karo sai na buɗe tanki ba.

Na isa gidan suna rana ta take, an raɗa suna, an watse da goro, an yanka rago har an fara suya. Rigata ta yi dabbare-dabbare da baƙin mai. Na cire jakar na rataya a kafaɗa don kada yara su taɓa, na nufi zaure. Sai yaran suka ruga cikin gida suna ihu, "Ga wanzami ya zo! Ga wanzami ya zo!"

Ashe shi ma wanzamin ya makara, tun safe ake jiransa. Kafin in yi magana wata gwaggo da ba ta gani sosai ta fito ta kama hannuna tana faɗa, wai jariri ya gaji da jira, ina na tsaya. Surukina na zaune a kan tabarma da manyan gari. Na durƙusa na gaishe shi da zabira a wuya. Ya amsa, ya daɗe yana duban jakar, sannan ya ce, "Madalla. Koyarwar ce ba ta biya?"

Da la'asar aka nuna mini wani tsohon bakanike a bakin titi. Na zayyana masa komai, har da zargin baki. Bai ko dubi fulogi ba. Ya ɗaga kujera, ya kwance murfin tanki, ya ɗaga shi sama yana hange, ya ce wa yaronsa ya aro allura wajen tela. Ya soka a wata 'yar ƙofa da ban taɓa sanin da ita ba, ɓawon fenti ya faɗo, bai kai ƙwayar gero ba.

"Ta nan take numfashi," in ji shi. "In iska ba ta shiga, mai ba ya sauka. Ka toshe mata hanci ka ce ta yi gudu."

Ya shafa kwiɓinta, ya kankare fentin kaɗan da farce, shuɗin ya leƙo.

"Wannan ba ta marigayi ba ce? Ni nake duba masa ita. Masu neman tsofaffin nan daga Kano sun sha zuwa suna tambaya ta, amma da fentinta na asali suke so. Wane mugun ne ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Wani ne, Baba."

Jakar dai wanzamin ya saye ta a wurin, ƙasa da rabin abin da na ba baduku. Har yau bai cika mini ba.