Wa muke turawa ya koyar da ɗan talaka?

Jama'a ku bar ni in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Aikina horar da masu shirin zama malamai ne a nan Jos, kuma wallahi duk shekarar da aka fitar da makin JAMB sai raina ya ɓaci. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a an ce 140 a 2024, 150 a 2025, na kwalejin ilimi kuma 100 cikin 400. Wato yaron da bai samu likitanci ba, bai samu lauya ba, shi ake ce wa "je ka yi NCE, karatun malanta, kafin Allah ya kawo wani abu." To shi ɗin nan fa shi zai riƙe alli gaban 'yan aji ɗaya.

Kuma 'ya'yan wa? Na masu hali suna makarantun kuɗi a Rayfield. 'Ya'yan mai haƙar kuza da mai noman dankali ne za su same shi.

In ka je duba ɗalibai lokacin TP, wato gwajin koyarwa, a ƙauye za ka gane. Yara cike da aji wasu a ƙasa, allo ya koɗe, ɗalibar tamu ta juya musu baya tana ta kwafe darasi, su kuma suna maimaitawa da ƙarfi amma ka nuna wa ɗaya baƙi da wasali ya haɗa, shiru. Ni ban ga laifinta ba, haka ita ma aka koyar da ita, su ɗaruruwa a lakca guda, sai hadda.

A 2017 da malamai sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu a Kaduna kowa dariya ya yi ta yi musu, amma wa ya tambayi inda suka samo takardun? Mu malaman manyan makarantu ƙarin girmanmu da yawan maƙalun da ka buga ake auna shi, wahalar bin ɗalibi har ƙauye ka zauna bayan aji ka gyara masa kusan ba a lissafa ta, to kowa sai ya bi inda ribarsa take.

Sardauna da Tafawa Ɓalewa fa malanta suka koya a Kwalejin Katsina, lokacin zaƙaƙuran yara ake tsamowa a kai can.

Ni dai roƙona, a ba yaro mai ƙoƙari tallafin karatu in ya zaɓi malanta, wanda aka tura ƙauye a ba shi ɗaki da alawus na gaske, mu kuma a sa duba TP cikin ma'aunin ƙarin girma. Ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65 da aka yi a 2022 ya kyautu, amma bai taɓa ƙofar shiga ba.